Injuna Uku, Jeri Ɗaya: Yadda Ake Haɗa Sakamakon Bincike da Lissafin Yiwuwa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina gina manhajar bincike a kan taskar labaran jarida na Hausa. Injuna uku nake da su. Na farko BM25 ne, mai ba labari maki bisa kalmomin tambaya da ya samu a cikinsa, a kan rubutun yadda yake. Na biyu shi ma BM25 ne, sai dai na cire ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Na uku mai bin ma'ana ne, irin wanda ke mayar da rubutu jerin lambobi. Na tara makin da ukun suka bayar don in fitar da jeri ɗaya, sai sakamakon ya fi na inji guda muni. Na ji ana cewa akwai hanyar haɗawa ta lissafin yiwuwa. Mece ce ita, kuma ita ce mafita?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ba injunanka ne suka lalace ba, kuma ba kai ka fara faɗawa wannan rami ba. Duk wanda ya taɓa riƙe injin bincike fiye da ɗaya, tara maki ne ke fara zo masa a rai. Hanyar yiwuwa da ka ji labarinta ita ce ta fi tushe, kuma ita nake so ka kai gare ta. Amma ba ta tafiya da kanta, sai an ciyar da ita da hukuncin mutane. Sannan a aikinka akwai wani tarko da ya fi matsalar makin girma: biyu daga cikin injunanka uwa ɗaya uba ɗaya ne. Zan zo kansa, domin shi ne ya fi damuna a tambayarka.

Mu fara da abin da ya ɓata maka jeri. Makin BM25 ba shi da iyaka ta sama. A tambaya mai kalma biyu yana iya tsayawa a 9, a doguwar tambaya mai kalmomin da ba a cika samu ba ya haura 40. Shi kuwa mai bin ma'ana yawanci kusancin kusurwa yake aunawa, wato yadda jerin lambobin tambaya ya kusanci na labari, makinsa ba ya wuce 1, kuma sau da yawa na saman jerin a cunkushe suke wuri guda, kamar 0.83 da 0.81 da 0.80. Idan ka haɗa 23.4 da 0.83, tamkar wani ne ya ce maka mudu 23 yake da shi, wani ya ce buhu 0.8, kai kuma ka rubuta 23.8. Na mene? Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mudun BM25 kansa yana canza girma daga tambaya zuwa tambaya. A lissafinka ma mudu biyu ne da buhu ɗaya, don haka muryar inji na uku ta nutse gaba ɗaya. Duk tambayar da shi ne gwaninta, ka yi asararta.

Masana sun daɗe a kan wannan. A 1992 hukumar NIST ta Amurka ta fara taron gwaji na shekara-shekara mai suna TREC, inda ake ba ƙungiyoyi taska ɗaya da tambayoyi iri ɗaya, kowa ya kawo jerinsa, mutane su zauna su tantance wane rubutu ya dace da wace tambaya. A zagaye na biyu Edward Fox da Joseph Shaw na jami'ar Virginia Tech suka gwada hanyoyin haɗa maki, aka buga aikin a 1994. Biyu daga ciki har yau ana amfani da su: CombSUM, wato tara makin kawai, da CombMNZ, wato a tara makin sannan a ninka shi da adadin injunan da suka kawo rubutun. A 1997 Joon Ho Lee ya nuna muhimmancin daidaita mudun kafin a tara: a kowane jeri, a mayar da mafi girman maki 1, mafi ƙanƙanta 0, sauran su zauna a tsakani. Shi ne kuma ya bayyana dalilin da ya sa haɗawa ke da amfani tun farko. Injuna mabambanta sukan haɗu a kan rubutun da ya dace, amma shirmen da kowannensu ke kwasowa daban ne. Gaskiya ɗaya ce, kuskure ne ke da launi-launi.

Da ka yi wannan daidaitawar kaɗai, da jerinka ya farfaɗo. Sai dai tana da wani aibi da ba ya gyaruwa. Na farko a kowane jeri yana samun 1, ko da injin bai fahimci tambayar ba sam. Injin da ya rikice da injin da ya san abin da yake yi, kowanne na farkonsa 1 ne. Lambar ba ta faɗa maka abin da kake son sani ba.

Abin da kake son sani shi ne: idan wannan inji ya ajiye labari a matsayi na uku, sau nawa cikin ɗari labarin yake zama abin da mai nema ke so? Nan lissafin yiwuwa ya shigo. Stephen Robertson ya tsara ƙa'idar a 1977: jerin da ya fi kowanne amfani shi ne wanda aka jera bisa yiwuwar dacewa, mafi yiwuwa a sama. To idan kowane inji aka fassara maganarsa zuwa yiwuwar dacewa, mudu da buhu sun koma ma'auni ɗaya, kuma ma'aunin yana da ma'ana. Ba za ka tambayi inji nawa ya bayar ba. Za ka tambayi tarihinsa: a baya, da ya faɗi irin wannan, sau nawa ya yi gaskiya?

Mafi sauƙin fahimta cikin waɗannan hanyoyi ita ce ProbFuse, wadda David Lillis da abokan aikinsa na University College Dublin a ƙasar Ailan suka fitar a 2006. Ba ta kallon maki ko kaɗan, matsayi take kallo. Kana ɗaukar tambayoyin da mutane suka riga suka tantance amsoshinsu, ka ba kowane inji, ka yanka jerinsa zango-zango. A kowane zango ka ƙirga kaso nawa ne suka dace, ka ɗauki matsakaici a kan dukan tambayoyin. Idan sabuwar tambaya ta zo, kowane labari zai karɓi yiwuwar zangon da ya faɗa a kowane inji, a raba ta da lambar zangon, a tara.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don bayani kawai. A ce zango labari goma ne. Ka auna BM25 ka ga zangonsa na farko 0.50, na biyu 0.30, na uku 0.18. Mai bin ma'ana kuma 0.40 da 0.36 da 0.30. Lura da halayensu: na farko ya fi kaifi a sama amma yana saurin gangarawa, na biyu bai kai shi a sama ba amma yana da dogon numfashi. Labarin da BM25 ya sa a zango na ɗaya, mai bin ma'ana ya sa a na uku, zai sami 0.50 da 0.30 raba uku, wato 0.60. Wanda BM25 ya sa a zango na biyu, mai bin ma'ana ya sa a na ɗaya, zai sami 0.15 da 0.40, wato 0.55. Wanda mai bin ma'ana kaɗai ya kawo a zango na ɗaya zai tsaya a 0.40. Babu wanda ya zauna ya ce wannan inji nauyinsa kaza ne. Tarihinsu ne ya raba musu nauyi, kuma nauyin ya bambanta daga sama zuwa ƙasan jeri, abin da lamba guda ba za ta iya ɗauka ba.

Raunin ProbFuse a bakin zango yake. Na goma da na goma sha ɗaya maƙwabta ne, amma ana yi musu hukunci kamar ba unguwarsu ɗaya ba, alhali na ɗaya da na goma an daidaita su. Milad Shokouhi ya kawo SegFuse a 2007, inda zangunan sama ƙanana ne, suna ƙara faɗi yayin da ake gangarawa, saboda a sama ne bambancin matsayi ke da tasiri. A 2008 su Lillis suka dawo da SlideFuse, wadda ta bar yanka zango, ta koma duba maƙwabtan kowane matsayi gaba da baya tana ɗaukar matsakaicinsu. In za ka gina ɗaya daga cikin ukun, ita zan ce ka gina. Amma ka san cewa jimillar da suke fitarwa ba yiwuwa ba ce ta haƙiƙa. Tara yiwuwa biyu ba ya haifar da yiwuwa, kuma rabawa da lambar zango dabara ce da aka ga tana aiki, ba ƙa'idar lissafi ce ta tilasta ta ba. Tana jera labarai da kyau, ba ta iya ce maka labarin nan kashi 60 cikin 100 zai dace.

Wadda ta bi ƙa'ida sau da ƙafa ita ce Bayes-fuse ta Javed Aslam da Mark Montague, 2001. A nan kowane inji shaida ne, kuma ana auna nauyin shaidarsa da tambayoyi biyu. Cikin labaran da suka dace, kaso nawa wannan inji ke sawa a goman farko? Cikin waɗanda ba su dace ba, kaso nawa yake sawa a can? Idan amsar farko kashi 20 ce ta biyu kashi 2, nauyin shaidarsa 10 ne. A ce kafin kowa ya yi magana, a cikin labaran da kake dubawa, duk mai dacewa 1 yana tare da marasa dacewa 50. BM25 ya sa labari a goman farko, ka ninka da 10, rabon ya koma 10 ga 50, wato kusan kashi 17 cikin 100. Mai bin ma'ana shi ma ya sa shi a goman farko, nauyinsa a ce 6 ne, rabon ya koma 60 ga 50, kusan kashi 55 cikin 100. Shaida biyu sun ɗaga labarin daga abin da ba a zato zuwa abin da ya fi kusa da eh. Wani kyawunta kuma, shirun inji ma shaida ne. Idan inji mai kyau bai kawo labarin ba ko kaɗan, nauyin wannan shirun ƙasa da 1 yake, sai ya ja rabon ƙasa. A aikace ana ɗaukar logaridim na nauye-nauyen, wato lissafin da ke mayar da ninkawa tarawa, a tara su maimakon ninkawa, amma abu ɗaya ne.

Yanzu ga tarkon. Wannan ninkawar ta halatta ne kawai idan shaidun ba su ji daga bakin juna ba. Dubi injinka na biyu. BM25 ne a kan rubutu ɗaya, kalmomi ɗaya, lissafi ɗaya, ƙugiya kawai aka cire. A mafi yawan tambayoyi goman farkonsa da na injin farko kusan ɗaya ne. Idan ka saka shi a lissafin sama a matsayin shaida mai zaman kansa mai nauyi 10, rabon zai tashi daga 10 ga 50 zuwa 100 ga 50, wato kashi 67 cikin 100. Alhali babu sabon abin da aka sani game da labarin. Gaskiyarsa tana nan kusa da 17. Ka ƙirga mutum ɗaya sau biyu don ya canza hula. Malaman Hadisi sun daɗe da sanin wannan: idan hanyoyi goma duk suka koma kan mai ruwaya guda, ba su zama shaidu goma a wannan gaɓar ba, ƙarfinsu ƙarfin mutumin nan ɗaya ne. Shi ya sa suke bin isnadi su ga inda hanyoyin suka haɗe. Kai ma sai ka bi isnadin injunanka.

Kuma ba Bayes-fuse kaɗai wannan ke cuta ba. CombMNZ za ta ninka makin duk labarin da tagwayen suka kawo, ProbFuse za ta tara musu sau biyu. Steven Beitzel da abokan aikinsa sun nuna a 2004 cewa haɗa dabaru masu ƙarfi waɗanda ke zaune a kan tsari ɗaya, da yankan kalmomi iri ɗaya, ba ya tabbatar da wata riba. Riba tana zuwa ne idan kowane ɓangare yana kawo labarai masu dacewa waɗanda ɗayan bai gani ba, kuma yana kawo su a sama. Tun a 1999 Christopher Vogt da Garrison Cottrell suka fayyace hanyoyi uku da haɗawa ke amfanarwa. Akwai amshi, inda injuna da yawa suka yi baki ɗaya a kan labari. Akwai yaɗe na sama, inda kake kwasar mafi kyawun kowane jeri. Akwai kuma lokacin da inji ɗaya tak ya san hanya sauran duk suka ɓata. Hanya ta farko da ta uku kishiyoyi ne. Duk dabarar da ta cika son amshi za ta danne wanda ya san hanya shi kaɗai, kuma idan 'yan amshin tagwaye ne, an danne shi ba da haƙƙi ba.

Shawarata a kan tagwayenka ita ce ka mayar da su inji ɗaya tun kafin maganar haɗawa ta taso. Dalilin da ya sa ka gina na biyun dalili ne mai kyau: mutane da yawa suna rubuta "kasa" suna nufin "ƙasa", tsofaffin rubuce-rubuce a intanet suna da "k'asa", a Nijar ana rubuta "ƴa" inda a Najeriya ake rubuta "'ya". Amma maganin wannan a wurin adana kalmomi yake. Ka adana kowace kalma da siffarta ta asali da kuma siffar da aka cire wa ƙugiya, ka ba ta asalin ɗan fifiko, don wanda ya nemi "ɓata" kada a cika shi da "bata". Sai ya zama shaidu biyu ke gare ka na gaske. Kuma waɗannan biyun sun dace da juna sosai a Hausa. BM25 bai san "akuya" da "awaki" abu ɗaya ba ne, bai san "mutum" da "mutane" ba, kuma "gari" na zama da "gari" na tuwo duk ɗaya ne a wurinsa tunda ba ma rubuta tsawon wasali. Mai bin ma'ana yakan tsallake waɗannan, amma ka ba shi sunan wani ƙauye ko lambar wata doka, sai ya kawo maka abin da ya yi kama ba abin da ka nema ba. Inda ɗaya ya makance ɗayan yana gani. Irin waɗannan ake haɗawa a ci riba.

Idan kuma dole ka riƙe ukun, to ka bar ninka nauye-nauyen da aka auna ɗaya-ɗaya, ka koma dabarar lojistik. Anne Le Calvé da Jacques Savoy sun yi amfani da ita wajen haɗa jeri tun a 2000. Ga kowane labari kana ba ta bayanai kaɗan: logaridim na matsayinsa a kowane inji, makinsa da aka daidaita, da alamar ko injin ya kawo shi ko bai kawo ba. Ita kuma tana koyon nauyin dukansu a lokaci guda daga hukuncin mutane. Saboda tare take koyonsu, idan biyu suna maimaita juna sai su raba nauyi ɗaya a tsakaninsu, ba kowa ya ɗauki cikakke ba. Abin da take fitarwa kuma yiwuwa ce da za ka iya gwadawa: cikin labaran da ta ba 0.7, ka duba ko kusan bakwai cikin goma sun dace. Wannan yana da amfani fiye da jerawa. Da shi za ka iya yanke inda jeri zai tsaya, ko ka gaya wa mai nema cewa babu amsa mai kyau a taskar, maimakon ka jibga masa goma marasa amfani. Ni a wurina, ga mai injuna biyu ko uku da 'yan dubban hukunce-hukunce, babu wadda ta kai ta.

Akwai wata hanya da ya kamata ka sani ko ba za ka bi ta ba, domin tana da ban sha'awa. A 2001 R. Manmatha da abokan aikinsa a jami'ar Massachusetts da ke Amherst suka lura cewa makin labaran da ba su dace ba yana bin siffar gangara, da yawa a ƙasa suna raguwa da sauri, makin waɗanda suka dace kuma yana bin siffar tsibi mai tudu a tsakiya. Idan haka ne, ana iya duban makin tambaya guda, a raba gangarar da tsibin ta lissafi, a fitar da yiwuwar dacewa ba tare da hukuncin kowa ba. Matsalarta biyu. A can ƙololuwa wutsiyar gangarar tana fin ta tsibin tsawo, sai lissafin ya ce labarin da ya fi kowa maki bai kai na bayansa yiwuwa ba, abin da hankali ba ya ɗauka. Su kansu sai da suka yi wa wurin faci, kuma Robertson ya yi bayanin aibin a 2007. Na biyu, an lura da waɗannan siffofi ne a injunan kalmomi na wancan zamani. Kada ka ɗauka makin mai bin ma'ana zai bi su sai ka zana ka gani da idonka.

To yau, kafin ka tara hukunci, me za ka sa? RRF, wato Reciprocal Rank Fusion, hanyar haɗa jeri da matsayi kaɗai. Gordon Cormack da Charles Clarke na jami'ar Waterloo a Kanada, tare da Stefan Büttcher, suka fitar da ita a 2009. Kowane inji yana ba labari 1 raba jimillar 60 da matsayinsa, a tara. Shi ke nan, layi biyar na shiri bai cika ba. Ba ta buƙatar maki, ba ta buƙatar horo, kuma tana da wuyar kayarwa, shi ya sa manhajar bincike ta Elasticsearch da ire-irenta suka saka ta a cikin kayansu. Amma ka san halinta. Labarin da inji ɗaya ya sa na farko, ɗayan bai kawo ba, yana samun 1 raba 61, kusan 0.0164. Labarin da duka biyun suka sa na 50 yana samun 2 raba 110, kusan 0.0182, ya wuce shi. Sai an gangara har matsayi na 62 kafin su yi kunnen doki. Ka ga ke nan RRF 'yar amshi ce ta gaske, kuma da tagwayenka a ciki za ta zama BM25 mai ɗan ado. Lambar 60 ɗin ma daga gwaji suka zaɓe ta, ba wahayi ba ce. Idan ka rage ta, na saman kowane jeri suna ƙara ƙarfi.

Saura babban aikin, wanda mutane ke gudu: tara hukunci. Duk lambar yiwuwa da na ambata daga nan take fitowa, kuma ba a aronta daga taskar wani. Akwai tarin gwaji mai suna CIRAL da aka yi gasa a kansa a 2023, mai ɗauke da Hausa da Somaliyanci da Swahili da Yarabanci, kuma yana da kyau ka gwada injunanka a kai. Sai dai tambayoyinsa da Turanci suke, amsoshin ne da harsunanmu, don haka nauyin da ka auna a can ba zai zauna daidai a kan masu rubuta maka tambaya da Hausa ba. Ka bi hanyar TREC a ƙaramin ma'auni. Su a shekarun farko sukan yi tambaya 50 a zagaye, su tattara ɗari na farko daga kowane jeri su ba masu tantancewa. Kai ka ɗauki tambaya 60 daga abin da mutane ke nema da gaske, ba waɗanda ka ƙirƙira a zaune ba, ka tabbata akwai na sunaye, akwai na batutuwa, akwai masu ƙugiya da marasa ita. Ka kwaso 20 na farko daga kowane inji, ka cire maimaici, ka cakuɗa su yadda mai tantancewa ba zai san daga ina kowanne ya fito ba. In kowace tambaya ta bar maka labari 35, hukunci 2,100 ke nan. A rabin minti kowanne, bai kai awa 18 ba. Ka sa mutum biyu masu jin Hausa sosai su yi, inda suka saɓa su zauna su daidaita. Aikin mako guda ne, kuma ya fi duk wata dabara da za ka karanta daraja.

Wajen ƙirga, ka kiyaye sifili. Idan a wani zango ba ka ga ko ɗaya da ya dace ba, kada ka rubuta 0, domin a ninkawa sifili ɗaya yana kashe duk sauran shaidu. Ka bi tsohuwar dabarar Laplace: ƙara 1 a kan waɗanda suka dace, ƙara 2 a kan jimilla. Sifili cikin 40 sai ya zama 1 cikin 42. Kuma kada ka gwada da tambayoyin da ka yi horo da su. Raba 60 ɗin gida biyar, ka yi horo da huɗu ka gwada da ɗaya, ka juya har kowane gida ya zama na gwaji. Abokan karawarka biyu ne: injinka mafi kyau shi kaɗai, da RRF. Na sha ganin an gina haɗi mai sarƙaƙiya an yi murna, da aka auna sai ga shi bai wuce inji guda ba. Kada ka tsaya a matsakaici kuma. Buɗe tambayoyin da haɗin ya fi injin guda muni ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, a nan za ka ga inda amshi ya danne mai gaskiya.

Abu ɗaya da zai iya tasowa gaba: duk abin da na faɗa a kan shirun inji ya tsaya ne a kan cewa injunan taska ɗaya suke dubawa. Ranar da ka ƙara taskar wata jarida da inji ɗaya ne kawai ke da ita, rashin kawo labari ya daina zama shaida, tunda ba ka zargin mutum da rashin ganin abin da ba a nuna masa ba. A lokacin sai ka ware irin waɗannan labarai, ka auna su da shaidar injin da ke da su kaɗai, ka kuma kula da labari ɗaya da jaridu biyu suka buga don kada ya fito sau biyu. Haka nan duk ranar da ka canza mai bin ma'anar da wani sabo, ko ka taɓa yadda ake yanka kalmomi, tsoffin nauye-nauyen sun tashi aiki. Hukunce-hukuncen suna nan, sai dai ka ƙara tantance sababbin labaran da sabon injin ya kawo a 20 ɗinsa na farko, ka sake aunawa.

Idan ka haɗe tagwayen ka kuma tara hukuncin, turo mini kason dacewa na zango uku na farko a kowane inji, da yawan labaran da injunan biyu suka yi tarayya a kansu a goman farko. Daga waɗannan lambobin za mu gane ko lojistik za ta ba ka riba ko RRF ta ishe ka. Allah Ya taimaka.